Ko Kun Sani? Titin Da Ake Rufewa Saboda Kwaɗi

Tun 2003, duk shekara ana hana motoci bin titin Charlcombe Lane, kusa da garin Bath a Ingila, har mako shida cikin Fabrairu da Maris. A lokacin ne kwaɗi ke tsallaka titin da daddare zuwa tafkin da suke zuba ƙwai, 'yan sa-kai kuma na bi da tocila suna kwashe su a bokiti. Direbobinmu masu tafiyar dare tsakanin Fatakwal, Anacha da Inugu sun san yadda kwaɗi ke fitowa kan kwalta da farkon damina. Waɗannan kwaɗin ma ruwa suke nema don haihuwa. Abin takaici, da yawa taya ke murƙushe su, alhali su ke cinye mana ƙwarin gona.