Wa kake goya wa baya? Yadda kokowa ke haɗa baƙi zumunci daga Mirriya zuwa ƙasashen ci-rani

Da zarar an ɗaure dammunan gero, hunturu ya fara kaɗawa, hirar matasa a Mirriya takan karkata ga abu guda: kokowa. Garin, wanda ke kimanin kilomita 20 gabas da birnin Damagaram, an fi saninsa da tukwane da tuluna da lambuna da kasuwar ranar Lahadi. Amma a watannin sanyi, mai ginin tukunya da mai ban-ruwan lambu da ɗan kabu-kabu duk lissafi ɗaya suke yi: su wane ne za su wakilci jihar Damagaram a gasar takobi ta bana, kuma wa zai kai labari.

A wannan lokaci ne ake ganin wani abu da ba kasafai ake kula da shi ba. Mutanen da ba su taɓa gaisawa ba sukan zauna a benci ɗaya, su yi musu kamar sun shekara goma da sanin juna, su rabu da lambar wayar juna a aljihu. Tambaya ɗaya ce ke buɗe ƙofar: "Kai wa kake goya wa baya?"

Gasar da ake bi kamar fim mai dogon zango

An fara gasar takobin ƙasa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. An yi karon farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan biranen jihohi. A yau jihohi takwas ne ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram. Kowace jiha na kawo 'yan kokowa 10, jimilla 80, ana kuma shafe kusan kwana 10 ana fafatawa.

Kafin a kai nan, ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa. Gundumomi irin su Mirriya da Magarya da Matamaye da Gure da Tanut suna fitar da gwanayensu, sannan a haɗu a matakin jiha a zaɓi goman da za su ɗauki tutar Damagaram. Shi ya sa ɗan Mirriya kan san ɗan kokowa tun yana kayar da sa'o'insa a dandalin ƙauye, kafin a fara kiran sunansa a rediyo.

Abin da ke sa mutane maƙale wa gasar shi ne tsarinta. Kowace jiha na karawa da sauran bakwai, kuma duk wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa kokowa. Kullum da yamma sai a sake ƙirga waɗanda ba su faɗi ba, adadin yana raguwa har ya koma mutum biyu. Wanda ya rage a tsaye shi ake naɗa wa rawani, a miƙa masa takobi da doki da miliyoyin sefa. Gidan talabijin na Télé Sahel da rediyon Muryar Sahel suna kawo wasannin kai tsaye, don haka wanda ke Mirriya da wanda ke bakin filin kusan lokaci ɗaya suke yin ihu.

Damagaram na da tarihin da take tinƙaho da shi. Filin kokowar birnin yana ɗauke da sunan Langa-Langa, kuma har yau dattawa na ambaton Balla Kado da Balla Haruna. A baya-bayan nan an yi Aliyo Salau, sai Tasi'u Sani da ya ɗauki takobi a 2018 lokacin da Damagaram ta karɓi baƙuncin gasar. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a watan Disambar 2023. Ambaton sunansa kaɗai ya isa ya raba majalisa gida biyu.

Masu zuga fili

Ɗan kokowa ba ya shiga fili shi kaɗai. A bayansa akwai makaɗa da ganguna, akwai mawaƙa irin su Sagalo da muryarsa ta zama alamar kokowar Nijar, akwai maroƙa masu jero asalin mutum da garinsu da waɗanda ya taɓa kayarwa. Shi kansa ɗan kokowar yakan tsaya tsakiyar fili, layu da guraye a jiki, ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari. Har gasa ta musamman ake yi ta kirari a gefen ta takobi.

Sai kuma 'yan cali-cali, masu barkwancin fili. Sukan fito da shiga mai ban dariya, su kwaikwayi tafiyar wani gwarzo, ko yadda ya yi kirari, ko yadda ya sha kaye. Aikinsu ya fi ƙarfin ban dariya kawai. Idan jiha ta yi asarar gwaninta, fuskoki suka murtuke, su ne ke shiga tsakani su mayar da ɓacin rai raha kafin ya zama rigima.

A wasu ƙasashe, wannan aiki na zuga 'yan wasa da 'yan kallo ya zama sana'a mai zaman kanta, har ana shirya masa fina-finai. A Amurka, tawagogin matasa masu rawa da tsalle-tsalle a gefen fili suna da gasarsu. A 2020 kamfanin Netflix ya fitar da shirin Cheer, wanda ya bi tawagar kwalejin Navarro ta jihar Texas. A 2024 ya sake fitar da America's Sweethearts, kan 'yan matan da ke zuga ƙungiyar Dallas Cowboys. Masu kallon waɗannan shirye-shirye sun riƙa sanin juna ta hanyar muhawara kan wa za a ɗauka, wa za a sallama. Wani abin da shirin na biyu ya fito da shi fili shi ne ƙarancin albashin 'yan matan duk da dukiyar ƙungiyar, kuma a zango na biyu da ya fito a 2025 aka bayyana cewa an yi musu ƙarin kashi 400 cikin 100.

Shiga da al'ada sun bambanta nesa ba kusa ba, amma tambayar ta shafe mu. Makaɗi da maroƙi da ɗan cali-cali sun fi dogara ne da abin da 'yan kallo da masu hannu da shuni suka miƙa musu a fili. Gasar kwana 10 ce a shekara. Kalmomin da magoya baya ke musu da su, da laƙabin da suke kiran gwanayensu, yawanci daga bakin waɗannan mutane suka fito, amma idan ana rabon kyaututtuka su ne a ƙarshen layi.

Fada: inda baƙo ke zama ɗan gida

Wanda bai samu zuwa fili ba, a fada yake kallo. Fada ita ce majalisar samari da ake kafawa a bakin titi ko gindin bango, da tabarma ko benci, da butar shayi a kan gawayi, wani lokaci da sunan fadar rubuce a jikin bango. Masu bincike na danganta bazuwarta da birnin Damagaram a shekarun 1990, lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, matasa suka riƙa haɗuwa a matsayin ƙungiyoyin masu saurare suna aika wa juna gaisuwa. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier ta wallafa littafi sukutum a kan fada a 2019.

Wato tun asali, sauraro tare ne ya haifi fada. Mutane sun fara sanin sunan juna a rediyo kafin su ga fuskar juna. Abin da kokowa ke yi a yau ci gaban wannan ne.

Shiga fada a lokacin gasa na da nasa ladabi, ko da ba a rubuce yake ba. Baƙo yakan yi sallama, a matsa masa wuri. Ba a tambayarsa sana'arsa ko abin da ya kawo shi gari. Ana jira a ga inda zai yi tsaki da inda zai yi tafi. Kafin a sauke shayi na farko mai ɗaci an gane jiharsa. A na biyu an fara tsokanarsa. Kafin na uku mai zaƙi, wani ya gano cewa ya san ƙauyensu ko ya taɓa cin kasuwarsu. Idan ya dawo washegari da ƙullin sukari ko gawayi, ya zama ɗan gida. Wanda ya girme shi zai kira shi ƙanena, shi kuma ya ce yaya, ko da a fili gwanayensu abokan karawa ne.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A cikin gidaje ana taruwa gaban talabijin ɗin maƙwabta, kuma amaryar da aka kawo daga wani gari takan samu bakin magana da matan unguwa a karon farko ranar da jiharsu ta kara da Damagaram.

Abin da ke hana wannan musu zama faɗa shi ne wasan taubasantaka da ke tsakanin al'ummomin Nijar, kamar na Barebari da Fulani, ko na Gobirawa da Zabarmawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam. A lokacin kokowa ne ake ganin amfaninta ƙarara: Bagobiri zai yi wa Bazabarme dariyar kaye har hawaye, su kuma ƙare da cin tuwo a kwano ɗaya.

A ci-rani, takobi ya fi nauyi

Jihar Damagaram na cikin yankunan da matasa ke yawan fita neman kuɗi. Wasu na gangarawa Kano da Legas, wasu na haurawa Agadas su wuce Libiya ko Tamanrasset ta Aljeriya, wasu na Kwatano da Abijan. Ga waɗannan, kwanakin gasa su ne lokacin da gida ke matsowa kusa.

A masaukin 'yan ci-rani, waya ɗaya takan tara mutum goma. Wanda ke da kuɗin intanet shi ne mai gida a ranar. A nan ne ɗan Mirriya da ya sauka jiya, bai san kowa ba, zai ji wani ya yi ihu daidai lokacin da shi ma ya yi, ya juya ya ga ɗan Magarya ne. Daga nan zance ya ƙullu. Sanin da aka fara da kokowa yakan kai ga abin da ya fi kokowa: wa ke neman lebura a wurin gini, wane ɗaki ne ke da sauran wuri, wa zai koma gida a ba shi saƙo, wa za a kira idan rashin lafiya ta zo. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a baƙon wuri sabo ne jarin farko.

Akwai kuma abin da 'ya'yan da aka haifa a waje ke samu. Yaron da ya tashi a Legas ko Abijan, wanda Hausarsa ta fara gauraya, yakan ji sunayen garuruwan iyayensa da salon maganarsu a bakin maroƙan fili. Ga wasu, wannan ne darasin farko na sanin inda aka fito.

Inda gizo ke saƙa

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Inda aka yi zazzafan goyon baya, caca kan biyo baya, kuma abotar da aka ƙulla da shayi takan warware a kan kuɗin da aka ci ko aka ƙi biya. Kusan kowace shekara ana jin zargin cewa wani ya sayar da kokowarsa, kuma irin wannan magana, idan aka yaɗa ta ba hujja, tana zubar da mutuncin mutumin da ya shekara yana atisaye. Tsokana kuma na da iyaka. Da zarar ta tashi daga kan ɗan kokowa ta koma kan iyayensa ko ƙabilarsa ko jiharsa baki ɗaya, ta fita daga taubasantaka.

'Yan ci-rani na da nasu abin lura. Goyon bayan gwani ɗaya ba shaidar amana ba ce. Kafin a damƙa wa sabon aboki kuɗin aikawa gida, ko a shiga karo-karon da aka ce za a kai wa wani ɗan kokowa, ya kamata a san wanda ya san shi, a san garinsu da danginsa, kamar yadda iyaye ke yi tun kafin zuwan waya.

Birnin Damagaram ya san abin da ke faruwa idan taron matasa ya rasa alkibla. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, 'yar asalin birnin, wanda ya fito a 2021, ya nuna rayuwar ƙungiyoyin matasa na unguwar Kara-Kara, inda rashin aikin yi ya mayar da ƙarfin jiki abin tsoro. Kokowa na nuna ɗaya fuskar: ƙarfi mai doka da alƙali, wanda ake gamawa a rungumi juna.

Bayan an miƙa takobi

Ranar da aka naɗa sarkin kokowa, tawagogi kan kama hanyar gida, gidajen rediyo su koma shirye-shiryensu na kullum. A Mirriya mai tukwane zai koma wurin gashi, mai lambu ya koma bakin rijiya. Abin da ke saura shi ne lambobin da aka karɓa da sunayen da aka sani.

Ko wannan zumunci zai kai wata kakar, ya danganta da abin da aka yi da shi a sauran watanni 11: gaisuwar Sallah, zuwa suna da jana'iza, cigiyar aiki ga wanda ya rasa. Haka nan, magoya bayan da ke iya tara kuɗi don karrama gwaninsu za su iya tunawa da makaɗin da ya zuga shi, da ɗan cali-calin da ya sa suka yi dariya ranar da ya faɗi. Da bazarsu aka yi rawar.