Harshe Biyu a Cibiya Guda: Gardamar C da Rust

Kowace wayar Android, ko ta manomi a Tsiga ko ta dillalin masara a kasuwar Funtuwa, tana da wata manhaja a can ƙarƙashi wadda ido ba ya gani. Ita ce ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya cikin ƙwaƙwalwar na'ura, don haka a iya kiranta cibiya. Sunanta Linux. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a Helsinki cikin 1991, da harshen kwamfuta mai suna C, aka kuwa shekara talatin ana ɗora gini da wannan harshe.

To, C yana da sauri, amma ba ya tsaron iyaka. Misalinsa kamar gonaki ne waɗanda ba a dasa gamba tsakaninsu ba. Manhaja takan zarce da huɗa cikin gonar maƙwabciya, ko ta koma shuka a wurin da ta riga ta mayar wa mai shi. Ta irin wannan kafa ɓarayi ke shiga. Cikin 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa daga nan suke fitowa.

Harshen Rust, wanda ya tsaya da ƙafarsa cikin 2015, an gina nahawunsa bisa mallaka da aro. Kowane wurin ajiya mai shi ɗaya ne. Yana iya ba da aro, amma mutum biyu ba su nome shi lokaci guda, aro kuma ba ya wuce ran mai gona. Wanda ya saɓa wa wannan ƙa'ida, manhajar fassara sai ta ƙi karɓar rubutunsa tun kafin ya kai ga wayar kowa.

Miguel Ojeda da abokansa suka nemi a shigar da Rust cikin cibiya, aka karɓa bisa gwaji a Linux 6.1, cikin Disamba 2022. Daga nan gardama ta tashi. Tsofaffin masu kula da sassan cibiya ba su musa amfanin Rust ba. Abin da suka tambaya shi ne, in an sāke wani abu a ɓangaren C, wa zai gyara mahaɗar harsunan biyu? Wanda ya ƙware a harshe ɗaya, ga shi an ɗora masa duba aikin da bai iya karantawa ba. Cikin Agusta 2024 Wedson Almeida Filho ya ajiye aikin Rust don gajiya da jayayya. A farkon 2025 kuma Christoph Hellwig ya ƙi yarda a jingina Rust da sashen da yake kula da shi.

Torvalds ya raba gardama da cewa ba a tilasta wa kowa koyon Rust, amma wanda ya ƙi koyo ba shi da ikon hana masu Rust amfani da sashensa. Gyaran mahaɗa kuwa yana wuyan waɗanda suka kawo sabon harshe, watau kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Cikin Disamba 2025, a taron Tokiyo, manyan masu kula suka amince gwaji ya ƙare, Rust ya zauna.

Hausawa, da suka daɗe da ajami da boko, sun san wannan hali: zaman rubutu biyu a gida ɗaya ba ya yiwuwa sai da wanda ya iya su duka.