Rio ko Salvador: Ina Bahaushe Zai Dosa a Gaɓar Birazil?

Wanda Allah ya hore wa kuɗin jirgi zuwa Birazil, kuma hutunsa bai wuce mako guda ko kwana goma ba, dole ya yi zaɓi. Ƙasar ta ninka Najeriya sau tara a faɗi. Biranen nan biyu da baƙi suka fi kwaɗayi a bakin tekunta, Rio de Janeiro da Salvador, tsakaninsu tafiyar awa biyu ce a jirgin sama, a mota kuwa sai an wuni an kwana a hanya. Mai son haɗa su a 'yan kwanaki, rabin hutunsa a ɗaurin kaya da zaman filin jirgi zai ƙare. Ni idan aka tambaye ni, Salvador nake cewa. Amma ba zan ci haƙƙin Rio ba, don ba banza ta yi suna ba.

Allah ya yi wa Rio kyau. Duwatsu ne manya suka tsaya a cikin gari, daji ya lulluɓe su, teku ta shigo tsakaninsu ta kwanta. Dutsen Pão de Açúcar tsayinsa mita 396, kuma tun 1913 ake hawansa a cikin akwati mai rataye a igiyar ƙarfe. Idan akwatin ya bar ƙasa, surutun fasinjoji yakan ragu, kowa ya kama ƙarfen da ke kusa da shi, gidaje su yi ta ƙanƙancewa. Daga sama kana hango yashin Copacabana, kimanin kilomita 4, ya lanƙwashe a bakin ruwa, ga kuma jirage suna sauka a ƙaramin filin jirgin cikin gari, kai kana sama da su. A ɗaya ɓangaren akwai Corcovado, mai kimanin mita 700, inda Kiristoci suka kafa mutum-mutumin Almasihu mai tsayin mita 30 a 1931. Mai son ƙwallo yana da Maracanã, inda Yurugwai ta sa Birazil kuka a 1950, inda kuma Jamus ta ɗauki kofin duniya a 2014. Gari ne na mutum sama da miliyan 6, da jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kai ka har Copacabana da Ipanema, da otal-otal na kowane aljihu. Shi ne babban birnin ƙasar daga 1763 zuwa 1960. Wanda burinsa ya ba ido abinci ya ɗauki hoto, ya tafi Rio, ba zai yi da-na-sani ba.

Kafin Rio ta karɓi sarauta, Salvador ce ke riƙe da ita. Turawan Fotugal sun kafa ta a 1549, ta yi shekara sama da ɗari biyu tana hedikwata. Hawa biyu ce: tsohon gari a kan tudu, kasuwa da tashar jiragen ruwa a ƙasa, ga lif na Lacerda mai tsayin mita 72 yana haɗa su tun 1873, da kuɗin shiga da bai taka kara ya karya ba. Mutanenta kusan miliyan 2 da rabi ne, kuma cikin kowane goma, wajen takwas baƙaƙe ne ko ruwa-biyu. Wannan shi ne abin da ke fara taɓa zuciyar mutumin Afirka ta Yamma. Kana tafe a titi kana ganin fuskokin da ka sani. Ba mai ɗaga kai ya dube ka sai ka buɗe baki.

Da yamma ta yi, a bakin hanya, mata masu fararen kaya da ɗaurin kallabi za su kafa kasko. Na tsaya kusa da wata dattijuwa ina kallon hannunta. Wake ne ta jiƙa, ta surfe, ta niƙa da albasa da gishiri, tana bugun ƙullun da muciya har ya yi kumfa, sannan ta ɗebo da cokali ta saki a cikin manja mai tafasa. Ƙosai ne, ba ko tantama. Sai dai nasu ya kai dunƙulen hannu, kuma idan ya soyu sai ta tsaga shi gida biyu, ta cusa masa wani haɗi mai kauri da ake yi da burodi da gyaɗa da ruwan kwakwa, ta zuba busasshen jatan lande da barkono. Acarajé suke ce masa. Bayi ne suka zo da shi daga gaɓar Ikko da Dahome, kuma har yau sana'ar mata ce da ake gado daga uwa zuwa 'ya.

Ƙosai kaɗai ba zai sa in ce mutum ya bar Rio ba. Dalilina ya fi haka nauyi.

Mutanen Afirka sama da miliyan 4 aka sauke a Birazil a matsayin bayi, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayu 1888. Akasarin waɗanda aka kai Rio daga Angola da Kwango suka fito. Jihar Bahia kuwa, wadda Salvador ce babban birninta, tana noman wata taba da ake shafa wa ruwan rake, sarakunan gaɓar Dahome da ƙasar Yarbawa suna matuƙar sonta. Saboda wannan taba jiragen Bahia suka riƙa dosar Wida da Porto-Novo da Badagiri da Ikko kai tsaye. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, yaƙi ya game ƙasar Hausa, aka yi ta kama mutane daga kowane ɓangare, ana miƙa su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku. Wannan magana ba ta da daɗin faɗa, amma gaskiya ce: kafin Bature ya sa su a jirgi, a gida aka fara sa musu igiya. Cikin 'yan shekaru Hausawa suka yi yawa a Salvador da gonakin raken da ke kewaye da ita, cikinsu da mayaƙa da malamai.

Ba su zauna sun naɗe hannu ba. A watan Mayun 1807 gwamnan Bahia ya samu labarin cewa Hausawa sun shirya tawaye, sun naɗa wakili a kowace unguwa, sun tara baka da kibau, da niyyar ƙwace jirage su koma gida. Wani ya tona asiri, aka kama jagororin kafin ranar. A Janairun 1809 ɗaruruwa suka gudu daga birni da gonaki suka haɗu, aka bi su da sojoji. A Fabrairun 1814 suka auka wa sansanonin masunta a Itapuã, wadda yau unguwar shaƙatawa ce a bakin teku kusa da filin jirgin sama, suka cinna musu wuta. Takardun shari'ar sun kira jagoransu da malomi, wato malami. Masanin tarihi João José Reis, ɗan garin Salvador, ya yi shekaru yana tono waɗannan takardu, kuma mafi yawan abin da duniya ta sani a kan lamarin ta hannunsa ya fito.

Mafi girma shi ne na 1835, wanda ake kira tawayen Malê. Zuwa lokacin Yarbawa Musulmi sun fi yawa, su ne suka ja gaba, Hausawa suna cikinsu. An shirya shi a goman ƙarshe na Ramadan. Daren 24 ga Janairu labari ya kai kunnen hukuma, 'yan sanda suka dira wani gida a gangaren Ladeira da Praça, mutanen da ke ciki suka fito da takubba, sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Sun nufi kurkukun da ke ƙarƙashin majalisar gari don su kuɓutar da wani tsohon malami, Pacífico Licutan, ba su samu iko ba. Kimanin mutum 600 suka shiga, aka yi ta gumurzu a tituna har zuwa barikin sojan doki a Água de Meninos, inda aka ci ƙarfinsu kafin gari ya waye. Sama da 70 suka rasu. An harbe huɗu a filin Campo da Pólvora ranar 14 ga Mayu, shi kuwa Licutan aka yanke masa bulala dubu. Cikin malaman da aka ambata a binciken akwai wani Bahaushe 'yantacce mai sayar da taba, da ake kira Dandará, wanda ke koyar da karatu a shagonsa. Da aka bincike gidaje an sami alluna da tawada da takardu masu ayoyi da addu'o'i, kuma wasu daga cikinsu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahia.

Duk wuraren nan ana zuwa da ƙafa ko da gajeriyar tafiyar mota. Ladeira da Praça tana nan da sunanta, 'yan taku daga bakin lif. Pelourinho, tsohuwar unguwa mai gidaje masu launi-launi da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, daga turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala ta samo suna. Baƙi suna zuwa su sha kiɗan ganguna su yi hoto, kuma ba laifi ba ne. Amma wanda ya taso ya ga allo a jingine a zauren gidansu, ba irin tafiyarsu zai yi a kan duwatsun titin nan ba.

Kada a ɗauka za a tarar da zango. Babu mai jin Hausa cikin jikokinsu. Bayan 1835 hukuma ta matsa wa Musulmi, aka kori da yawa zuwa Afirka, wasu suka tafi da kansu. Daga irinsu aka sami Aguda na Ikko, waɗanda wani maginin cikinsu ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, da kuma Tabom na Ankara a Gana. Waɗanda suka rage suka tsufa suka rasu, 'ya'yansu suka narke cikin Katolika da Candomblé, addinin gargajiya mai tushe a ƙasar Yarbawa da Dahome, wanda ke da ƙarfi ƙwarai a garin. Wajen 1850 wani ƙaramin jakadan Faransa, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawan Bahia yana tambayarsu labarin garuruwansu, suka lissafa masa Kano da Katsina da Zazzau, ya buga littafi a 1851. Abin da ya saura a bakin jama'a yau shi ne sunan wani abinci, arroz de hauçá, shinkafar Hausawa: shinkafa ce da ake dafawa ta yi luguf kamar za a tuƙa tuwo, a ci da soyayyen busasshen naman sa da albasa da miyar jatan lande. Ba kowane gidan abinci ke yin ta ba, sai an yi cigiya.

Rio ma tana da nata tabon, kuma wanda ya zaɓe ta kada ya tsallake shi. A unguwar tashar jiragen ruwa akwai Cais do Valongo, matakalar dutse da aka gina a 1811, inda aka ƙiyasta an sauke 'yan Afirka 900,000. An binne ta, aka manta da ita, sai a 2011 masu aikin gyaran unguwa suka tono ta. Awa ɗaya ta isa a gan ta.

Game da zaman yau da gobe, garuruwan sun yi kusan kunnen doki. Da harshen Fotugal ake komai, Turanci ba ya kai mutum nesa, musamman a Salvador. Naman alade yana ɓuya a cikin abinci da yawa, har da feijoada, dafaffen baƙin waken da Rio ke alfahari da shi, don haka a riƙa tambaya. A nan Salvador ta fi sauƙi, domin girkinta na kifi ne da manja da ruwan kwakwa, kamar moqueca, wadda ake kawowa tana tafasa a kaskon yumɓu. Masallacin Juma'a akwai a unguwar Tijuca ta Rio, akwai kuma cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré ta Salvador. Mai tafiya da iyali ya san cewa shigar bakin teku a garuruwan biyu ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce. Fizgen waya gaskiya ne a ko'ina: a bar fasfo a masauki, kada a riƙe waya a hannu a titi, kada a bi lungu da dare, kada kuma a shiga unguwannin kan tudu ba tare da ɗan gari ba.

Damina da rani na Rio a juye suke da namu. Daga Disamba zuwa Maris Rio tana zafi, wani lokaci har digiri 40, ga ruwan sama mai ƙarfi. Daga Mayu zuwa Satumba ta fi daɗin yawo. Salvador ɗumi gare ta duk shekara, ruwanta ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, saboda haka Satumba zuwa Disamba ya fi dacewa. Bikin Kanibal yana faɗowa a Fabrairu ko farkon Maris. Lokacin kuɗin otal yakan yi tashin gwauron zabo, tituna su cushe, giya ta yi yawa. Wanda tarihi ya kai shi, ya kauce wa makon.

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, daga ofishin jakadanci a Abuja ko ƙaramin ofishi a Ikko, kuma ya riƙe katin rigakafin shawara. Jiragen da ke bi ta Adis Ababa a São Paulo suke sauka, daga nan a canja zuwa na cikin gida. Ta Lisbon akwai jirgi kai tsaye zuwa Salvador, sai dai mai fasfon Najeriya ko Gana yakan buƙaci bizar ratse ta Turai ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, don haka ya tabbatar da wannan kafin ya biya kuɗin tikiti. Ya kama masauki a unguwar Barra ko Santo Antônio, kuma tun kafin ya tashi ya nemi ɗan rakiya wanda ya san tarihin Malê, don ba duk masu zagayawa da baƙi ne ke bi ta Ladeira da Praça ba sai an nema.