Yini ɗaya a Firenze, garin da gashin tumaki da fata suka gina

A shirinmu na wannan mako mun amsa wata tambaya da ta sha zuwa daga 'yan kasuwarmu masu zuwa Italiya sarin takalma, jakunkuna da yadi: idan mutum ya gama hidimarsa, yini ɗaya tak ya rage masa kafin jirgi, wane gari ya kamata ya leƙa? Amsarmu ita ce Firenze, wanda a takardun Faransanci da na Turanci za ka ga an rubuta Florence. Ga bayanin a rubuce, saboda wanda shirin ya wuce shi yana bayan shanu ko yana layin duwan.

Dalilinmu biyu ne. Na farko, tsohon garin a dunƙule yake, da ƙafa za ka ratsa shi. Na biyu, dukiyar da ta gina shi daga jikin dabba da aljihun ɗan kasuwa ta fito: ulu, fata, zinariya da canjin kuɗi. Saboda haka makiyayi da ɗan kasuwa za su gane abin da suke kallo fiye da baƙi da yawa masu yawo da kyamara.

Kafin ka kama hanya

Daga Roma jirgin ƙasa mai sauri yana kai ka cikin kamar awa ɗaya da rabi, daga Milan kuwa kusan awa biyu. Tashar da za ka sauka sunanta Santa Maria Novella, a bakin tsohon gari take. Fasfonka mai biza ya kasance a jikinka, cikin aljihun ciki, don 'yan sane ba su da hutu a wuraren cunkoso.

Lissafin kuɗi ba wuya ga mai riƙe da sefa: Yuro ɗaya sefa 656 ne, Yuro 100 ya ɗan haura jika 65. Abu biyu kuma ka riƙe tun daga gida. Duk mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye, wato sefa miliyan 6 da rabi da ɗoriya, dole ya bayyana wa duwan. Sannan an hana shiga da nama da kayan nono. Kilishi, cuku, man shanu da dambun naman da uwargida ta haɗa maka guzuri, duk ƙwacewa za a yi a filin jirgi, wataƙila har da tara.

Da sassafe: kasuwa

Ka fara da babbar kasuwar abinci, Mercato Centrale, tafiyar minti kaɗan daga tasha. An buɗe ta a 1874, kuma da safe ne take ci. A rumfunan mahauta za ka ga naman shanun da ake kira Kiyanina, su suna rubuta Chianina. Farare ne fat, ba su da tozo, suna cikin manyan shanun duniya: bijimi kan kai mita 1.8 a tsaye, nauyinsa ya wuce kilo 1,500. Da can shanun huɗa ne, da tarakta ta zo sai suka koma na nama.

Batun ci kuwa, a yi hattara. Mutanen nan suna son naman alade. Idan ka ga an rubuta maiale, prosciutto, salame, lardo ko strutto, alade ne ko kitsensa. Cinghiale kuma aladen daji ne. Burodi, kifi, ƙwai da 'ya'yan itace ba su da matsala, kuma akwai shagunan halal a wajajen tasha. Kada ka yi mamaki in ka ji burodin lami, al'adar yankin ce ba sa sa masa gishiri. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi araha. Da ka zauna a tebur farashi ya canza, a gidan abinci ma har kuɗin zama ake ƙarawa, suna ce masa coperto.

Da hantsi: ƙubbar da shanu suka taya ginawa

Daga kasuwa minti biyar ne zuwa babban cocin garin, Duomo. An aza harsashinsa a 1296, kuma daga 1331 ƙungiyar masu sana'ar ulu ce aka damƙa wa kula da aikin. Tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a garin, tambarinta ma ɗan rago ne. Suna sayo gashin tumaki har daga Ingila da Sifen, su wanke, su saƙa, su rina, su sayar da tsada.

Ginin ya daɗe ba rufi, don faɗin tsakiyarsa ya kai mita 45, ba wanda ya san yadda za a yi masa ƙubba. Wanda ya warware matsalar, Filippo Brunelleschi, asalinsa maƙerin zinariya ne. Daga 1420 zuwa 1436 ya ɗora tubali sama da miliyan 4, ya jera su suna riƙe juna, ba tare da an kafa katakon tallafi daga ƙasa ba. Kayan aikin kuwa shanu ne suka hau da su. Ya ƙera wata na'ura wadda sa ke juyawa. Duk wanda ya taɓa jan ruwa da sa ko raƙumi a rijiya mai zurfi ya san wahalar kai da komo. To, a tasa dabarar dabba gefe ɗaya take zagayawa, da an sauya haƙorin na'urar sai kaya su hau ko su sauka, ba sai an kwance ta an juya ta ba.

Shiga cikin cocin kyauta ne, amma akwai layi, kuma ana son sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa. Hawa ƙubbar sai da tikitin da aka yanka tun da wuri, matakala 463, ba lifta. In gwiwarka ba ta da ƙarfi, kallo daga ƙasa ya wadatar.

Kafin azahar: unguwar masu kuɗi

Ka miƙe kudu ta titin Calzaiuoli. A dama za ka ga wani dogon gini, Orsanmichele, wanda aka gina a 1337 don kasuwar hatsi, samansa kuma ya zama rumbun gari saboda shekarar yunwa. Daga baya ƙasan ya koma coci. Garin yana da ƙungiyoyin sana'a 21, har da ta mahauta da ta maƙera, kamar yadda muke da sarkin pawa da sarkin maƙera.

A 1252 garin ya buga kuɗinsa na zinariya, fiyorino, mai nauyin giram 3.5. Saboda ba a rage masa nauyi, ko'ina a Turai karɓarsa ake yi. Kaso mai yawa na zinariyar da ke yawo a kasuwannin Bahar Rum a zamanin, daga Afirka ta Yamma ayarin raƙuma suka ƙetara Sahara da ita.

A kan wannan kasuwanci gidan Medici suka tashi. Sun kafa banki a 1397, da rassa a Roma, Banis, Landan da sauransu. Ɗan kasuwa ya zuba kuɗi a Firenze, a ba shi takarda, ya karɓa a Landan, ba ya ɗaukar jaka balle ɗan fashi ya tare shi. Daidai da yadda kake ba mai canji kuɗi a Birnin Konni, yaronka ya karɓa a Kano. Bankin ya rushe a 1494. Wakilan rassa sun yi ta ba sarakuna bashin da bai dawo ba, ciki har da Sarkin Ingila Edward na 4, iyayen gida kuma hankalinsu ya koma kan mulki. Mai shago da yaran shago, kun dai ji.

Kusa da nan akwai rumfar Mercato Nuovo. Ka duba ƙasa a tsakiyarta, akwai wani zagayayyen dutse. A kansa ake kunyata ɗan kasuwar da ya ci bashi ya kasa biya: a tuɓe masa wando, a buga mazaunansa a dutsen gaban jama'a.

Taku kaɗan sai dandalin Signoria da tsohuwar fadar gari, wadda aka fara a 1299. Mu faɗa maka tun yanzu, dandalin cike yake da mutum-mutumin dutse, da yawansu tsirara, kada abin ya zo maka ba zato. A 1487 Sarkin Masar Ƙaitbai ya aiko wa Lorenzo na gidan Medici kyautar raƙumin dawa, dangin waɗanda muke da su a Kure. Gari ya fito kallo. Watanni kaɗan ya yi, ya maƙale kansa a katakon rufin barga, wuya ya karye.

Gidan zane-zane na Uffizi yana nan gefe. Shawararmu ga mai yini ɗaya, ka wuce shi. Shi kaɗai zai cinye maka rabin yini, ranar Litinin kuma a rufe yake.

Da azahar: gadar zinariya

Ka gangara kogin Arno, ka hau Ponte Vecchio, gadar da aka gina a 1345 da shaguna a kanta hagu da dama. Da mahauta ne a ciki, suna watsa jini da kayan ciki a ruwa. A 1593 mai mulkin garin, Ferdinando na 1, ya ce wari ya ishe shi, ya tashe su ya zuba maƙeran zinariya. Har yau su ne a wurin. A Agustan 1944 sojojin Jamus sun fasa duk gadojin garin, ita kaɗai suka bari.

Hajiya, ki sha kallo amma ki riƙe jakarki. Farashin gadar na 'yan yawon buɗe ido ne. Lambar 750 da za ki gani a jikin sarƙa tana nufin karat 18. Masu sarin zinariya garin Arezzo suke zuwa, kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa, masu sarin yadi da tufafi kuma Prato, ƙasa da rabin awa.

Da la'asar: unguwar majema

Ka dawo ƙetaren da ka fito, ka bi bakin kogi gabas zuwa unguwar Santa Croce. Sunayen titunan ma labari ne: Corso dei Tintori titin marina ne, Via dei Conciatori kuma titin majema. A bayan cocin unguwar akwai makarantar dukanci, Scuola del Cuoio, wadda aka buɗe a 1950 don koya wa marayun yaƙi sana'a. Kana iya shiga ka ga ana yanka fata ana ɗinki da hannu. A bangon wasu gidaje za ka ga alamar inda ruwa ya kai a ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966, sama da tsayin mutum biyu. Wurin sallar Musulmin garin yana wannan unguwa, kusa da dandalin Ciompi. Ka lura da lokaci: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5.

Yanzu jima ta koma wani gari, Santa Croce sull'Arno, tsakanin Firenze da Pisa. Italiya tana cikin manyan masu sayen fatun ƙasashenmu, kuma fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta yi suna saboda laushi da ƙwari. Makiyayi, nan maganar ta iso kanka. Mai jima yana ware fata daraja-daraja. Tabon wutar shaida a tsakiyar jiki, cizon kaska, ƙazuwa, yankan wuƙa wajen fiɗa, shanya a ƙasa cikin tsakar rana, kowanne yana sauko da ita. Ka sa shaida a ƙafa ko a kunne, mai fiɗa ya bi a hankali, a shanya a inuwa a miƙe. Fatar da ka sayar da 'yan kuɗi kaɗan a kasuwar Jibiya ko Maigatari, a nan za ka ga irinta ta zama jakar ɗaruruwan Yuro.

In za ka saya, vera pelle na nufin fata ta gaske, amma hancinka da yatsanka sun fi rubutu gaskiya. A rumfunan titi ana taya kaya, a manyan shaguna ba a yi. Ka karɓi rasit ko da abin ƙarami ne. Harajin kaya kashi 22 cikin 100 ne, kuma baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya neman a mayar masa da wani kaso idan sayayyar amfanin kansa a shago ɗaya ta haura Yuro 70. Sai ka nemi takardar a shagon, duwan su tabbatar da ita ranar fita. Jakunkuna da agogon jabu da ake shimfiɗawa a ƙasa kuwa, ko tayawa kada ka yi. A dokar Italiya mai saye ma tara ake cin sa, daga Yuro 100 zuwa dubbai.

Kafin magariba

Ka sake ƙetare kogi, ka hau tudun Piazzale Michelangelo, dandalin da aka yi a 1869. Ba a biyan ko dala. Daga nan duk inda ka taka tun safe yana gabanka: jar ƙubba, hasumiyar fada, gada da kogi. Komawa tasha da ƙafa kamar minti 40 ne. In bas za ka shiga, ka buga tikitinka a na'urar da ke ciki da zarar ka hau, don tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, kuma mai bincike ba ya jin "ni baƙo ne".

Wanda ya taɓa zuwa garin, ko mai sana'ar fata da yake da ƙarin bayani kan yadda ake ware ta, ƙofar shirin a buɗe take. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya ba kasuwa albarka, Ya ƙara wa garke yawa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.