Dubara tana hannun jama'a, share hanya aikin hukuma ne



Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa a watannin Maris da Afrilu ya san abin da idonsa zai gani idan ya iso Galmi. Buhunan albasa ne jibge a bakin hanya, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa Akara, Kumasi da Abijan. Nijar tana noma albasa sama da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma sunan albasar Galmi ya kai duk wata babbar kasuwa ta Afirka ta Yamma. Sai dai a daidai wannan lokacin ne farashi yake faɗuwa ƙasa. Manomin da bashi yake wuyansa ba shi da zaɓi sai ya sayar da arha. Wanda ya yi ƙarfin halin zuba tasa a rudu yana jiran tsadar ƙarshen shekara, ruɓa ce take cinye masa kaso mai yawa kafin lokacin ya zo.

Ga kaya masu kyau, ga masu saye, ga mutane masu ƙwazo, amma ribar ba ta tsayawa a gida yadda ya kamata. Wannan shi ya kawo mu ga tambayar da muke son mu duba tare da ku: mene ne ƙasa za ta yi domin ta ƙarfafa masu sana'a da masu ƙirƙira, har ta iya gogayya da sauran ƙasashe a kasuwa? Tambayar ta shafi kowane gida. A ƙidayar 2012 ƴan Nijar miliyan 17 ne, yau sun haura miliyan 25, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Babu gwamnatin da za ta iya ɗaukar waɗannan yara duka aikin albashi. Idan sana'a ba ta buɗe masu ƙofa a gida ba, hanyar bida ce za su kama, wasu har cikin hamada.

Mutanenmu ba su rasa dubara ba

Sau da yawa akan yi magana kamar ƙirƙira wani abu ne da sai an yi odarsa daga Turai. Tarihinmu bai yarda da haka ba. A 1991 aka fara tsarin asusun mata da ake kira Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, inda mata suke zubi kowane mako suna ranta wa junansu jari. Daga baya ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suka kwaikwaye shi. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana ƙera na'urorin dafa abinci da ɗumama ruwa da hasken rana, tun duniya ba ta waye da batun ba. Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna injin ban ruwa ya kuma kashe shi da wayar salula daga inda yake, abin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo ta Sarki Hasan na Biyu kan sha'anin ruwa a 2015. Su kuwa alhazan Maraɗi, tun daɗewa suke da makarantarsu ta kasuwanci: yaro ya zauna wurin ubangida shekaru, ya koyi harka, a ƙarshe a sallame shi da jari.

Ashe ke nan iri yana nan. Abin da ya rage shi ne a gyara masa gona. Abubuwa biyar ne muke ganin sun rataya a wuyan hukuma.

Na farko: mai gumi ya tabbata shi zai ci

Ba wanda zai ɓata dare da rana yana gyara abin da ya san za a ƙwace masa. A da, doka ta ɗauki itatuwa a matsayin na gwamnati ko da a cikin gonar mutum suke, kuma manomi yana iya shan tara a hannun ƴan gandun daji idan ya sare reshe. Saboda haka manoma suka riƙa share kowane tsiro tun yana ƙarami. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan abin da ake kira sassaben zamani, wato a bar tohon kututture ya girma ana yi masa aski. Dubarar ba ta da tsada, amma ta bazu sosai ne lokacin da manomi ya fara jin cewa iccen nasa ne, kuma kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara masa ƙarfin gwiwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram.

Haka abin yake ga suna da fasaha. A 2006 wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya nemi ƙungiyar OAPI, mai kare mallakar fasaha da ke da mazauni a Yawunde, ta ba shi takardar mallakar irin albasar Galmi. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kuma ba a ba shi da wannan suna ba. A 2023 OAPI ta miƙa wa Nijar takardun kare sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar. Takarda kaɗai ba ta ƙara wa buhu daraja, sai an bi ta da tantance kaya, da awo na gaskiya, da shari'ar da ba ta jan ƙafa idan aka cuci ɗan kasuwa.

Na biyu: ƙofar hukuma ta zama mai sauƙin shiga

Yawancin masu sana'armu ba su da rajista. Ba taurin kai ba ne, lissafi ne: suna ganin takardu da haraji sun fi amfanin da za su samu yawa. Amma marar rajista ba ya samun bashin banki, ba ya samun kwangila, ba ya iya fitar da kaya da sunansa. Ƙungiyar OHADA, wadda take haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Kamaru da Cadi, ta ɗauki matakai biyu masu muhimmanci. A 2010 ta samar da matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai zai yi ba tare da dogon rajista ba. A 2014 ta bar wa kowace ƙasa damar rage mafi ƙarancin jarin buɗe ƙaramin kamfani, wanda a da sai an ajiye sefa miliyan ɗaya. Ruwanda kuwa ta tara dukkan hidimomin mai zuba jari a hukuma guda, har ya zama ana rajistar kamfani ta intanet cikin ƴan sa'o'i.

Sai dai buɗe kamfani da wuri ba ya amfani idan za a shaƙe shi a shekarar farko. Ƙaramin mai sana'a yana bukatar haraji guda, sananne, wanda zai biya a karɓa a ba shi takarda. Direban motar albasa yana bukatar hanyar da ba a tsayar da shi a kowane shinge, domin kowace rana da motar ta kwana a hanya, kayan ne suke lalacewa.

Na uku: jari mai dacewa da mutane

Manomin Galmi yana sayar da arha ne saboda bashi, ba don bai san tsada tana tafe ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara wani tsari a Nijar da taimakon hukumar FAO: manoma su tara hatsi ko wake a sito mai makulli biyu, a ba su rance a kansa, su sayar idan farashi ya tashi. Ga albasa, wannan yana bukatar ɗakunan ajiya masu shan iska da suka fi rudu, abin da ƙungiyar manoma za ta iya ginawa idan hukuma ta tsaya mata a gaban banki.

Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba a tarukan masana: ɗimbin ƴan kasuwarmu suna guje wa banki ne saboda kuɗin ruwa. Hanyoyin da malaman fiƙihu suka yi bayani suna nan: ƙiradi, inda mai dukiya da mai aiki suke raba riba; murabaha, inda banki zai sayi injin ya sayar wa mai sana'a da ribar da aka sani; da salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona kafin girbi. A 2018 babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idojin irin wannan hada-hada. Ya kamata a kai ta har kasuwannin ƙauye, kada ta tsaya a Yamai.

Na huɗu: wuta, hanya da iyaka

Matanmu sun daɗe suna sarrafa albasa su yi gabu mai jure ajiya. Mayar da wannan sana'a ta zama masana'antar busarwa da niƙa da ƙunshewa yana bukatar wutar lantarki mai arha wadda ba ta yankewa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da wuta a Nijar. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023, amma tafiyar da sauran nisa.

Shekarun baya sun koya mana darasi mai ɗaci. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A 2023 kuma, bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli, takunkumi ya rufe iyakoki, aka yanke wutar da take zuwa daga Najeriya, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi a lokacin. Motocin albasa suka maƙale a hanya, ta yi tsada a Gana alhali tana ruɓewa a nan. Ƙasar da take sayar da ɗanyen kaya ta ƙofa guda, ranar da ƙofar ta rufe ba ta da ta cewa. Garin albasa yana iya jiran wata shida, ɗanya kuwa ba ta jira. Haka fatar jar akuyar Maraɗi: takalmi da jaka sun fi ɗanyar fata kawo kuɗi.

Na biyar: a bar sabon abu ya gwada ƙafarsa

A 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a Kenya, wato aika kuɗi ta salula. Babu dokar da ta san irin wannan abu a lokacin. Babban bankin ƙasar bai hana ba. Ya ba da izini, ya sa ido, ya rubuta ƙa'idoji daga baya bisa abin da ya gani. Yau mafi yawan magidantan Kenya da shi suke hulɗa. Tunisiya kuma ta yi doka a 2018 wadda ta ba ma'aikaci hutun shekara guda, mai yiwuwar sabuntawa, domin ya gwada kafa kamfaninsa, ya kuma koma aikinsa idan abin bai yiwu ba. Senegal ta yi tata dokar a 2020, Najeriya a 2022. Hikimar ita ce a rage wa matashi tsoron faɗuwa.

Ilimi ma sai ya sauko daga allo zuwa gona da shago. Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan bincike, alhali Koriya ta Kudu tana kashe sama da kashi 4. Muna da cibiyar binciken noma ta INRAN tun 1975, da jami'o'i a Tawa, Maraɗi da Damagaram, da cibiyar renon ƙananan kamfanoni ta CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014. Mai zai hana a ɗora wa ɗaliban Tawa aikin gano ɗakin ajiyar albasa mai arha, a ba wanda ya yi nasara kwangilar gina shi? Gwamnati ita ce babbar mai saye a ƙasa. Idan ta sayi tebura, tufafi da abincin makarantu daga masu sana'ar gida, ta kuma biya su a kan lokaci, ta yi masu abin da ya fi kyautar kuɗi.

Rabon gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma tana share hanya, amma matafiyi daga gida yake fitowa. Ya ku iyaye, kada mu raina yaron da hankalinsa ya karkata ga gyaran injin, ɗinki ko kiwo, mu ce sai aikin ofis. Mu haɗa masa karatu da sana'a, mace da namiji. Mu koya masa rubuta shiga da fita, da raba aljihun gida da na kasuwa, domin jari da yawa biki da suna ne suka cinye shi. Mu koya masa cika alkawari da mudu, domin buhu ɗaya da aka ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasansa yana iya ɓata sunan gari guda a Kumasi. Idan ya gwada ya faɗi, kada mu mayar da shi abin dariya a zaure. Mu tambaye shi abin da ya koya, mu taimaka masa ya sake tashi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba magabatanmu ikon sauke nauyin da ke kansu, ya kuma tsare mana ƴaƴanmu a gida cikin wadata. Amin.