Abin da man shafawa ke ɓoye wa likitan fata



Duk wanda aka taɓa tura shi ganin likitan fata a Korle Bu ko Komfo Anokye ya san sai da sammako, sai kuma da haƙuri. Ƙidayar 2021 ta nuna mun haura mutum miliyan 30 a Ghana, amma ƙwararrun likitocin fata 'yan tsiraru ne, yawancinsu kuma a Accra da Kumasi suke. Kafin mutum ya kai nan sai ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya yi 2 yana sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya ƙara wasu shekarun na ƙwarewa.

Wasu na ganin aikin ba wuya, tunda ba a cika tashinsu da tsakar dare ba kamar likitan haihuwa. Nasu nauyin daban ne. Da ido likitan fata ke fara aiki: kalar ƙurji, bakinsa, yadda ya bazu. Yawancin hotunan da ke cikin littattafan karatunsa na fatar Turawa ne, inda kumburi ke fitowa jawur, alhali a tamu fatar baƙi-baƙi yake fitowa ko toka-toka. Wannan gogewa na koya masa. Abin da ke ɗaure masa hannu shi ne fatar da aka riga aka yi wata da watanni ana shafa wa mai.

Tun ina yaro a kemis ɗin mahaifina nake jin "a ba ni man ƙaiƙayi", har yau kuma ba ranar da ba na ji. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka na ɗauke da sitiroyid. Ku duba kwalin, za ku ga an rubuta betamethasone ko clobetasol. Sitiroyid na kwantar da ƙaiƙayi cikin 'yan kwanaki, amma ba ya kashe ƙwayar makero ko ta ƙazuwa, ƙara mata wuri ma yake yi. Zoben da likita zai gane makero da shi sai ya ɓace, ciwon ya bazu ba kama. Dole likita ya ce a daina shafawa, a dawo a kankari fatar a duba. Da an daina kuwa, fata ta ɗau zafi, ƙuraje su taso fiye da da. Wa za a ɗora wa laifi? Likita. Sai ka ji ana cewa a majalisa wai tun da aka je asibiti abin ya ƙaru.

Na masu bilicin ya fi ciwo. Tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta hana shigo da man shafawa mai hydroquinone, amma masu haɗi ba su daina ba, kuma robar haɗi ba ta da rubutu. Mace za ta zo da baƙin tabo a kumatu, fata ta yi siriri, ga nankarwa a hannu, a tambaye ta me take shafawa ta ce man kaɗanya kawai. Likita na gani, ba ya son kunyata ta, kuma ya san irin wannan tabon da wuya ya goge duka. Faɗa wa yarinyar da ake shirin aurenta haka ba ƙaramin abu ba ne.

Ga kuma zamanmu na gidan haya. Ƙazuwa ba a yi wa mutum ɗaya magani, sai duk masu kwana wuri ɗaya sun shafa a rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, kuma ƙaiƙayin kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya lafa ko da magani ya ci. Makeron kai na yara shafawa ba ta isa, sai an sha magani mako 6 zuwa 8. Likita zai rubuta daidai, a yi rabi a bari, a koma masa da yaro ɗaya sau uku.

Wani lokaci fata manzo ce kawai. Ciwon suga da ƙanjamau kan fara nuna kansu a jikinta, haka kuturta, wadda ke farawa da tabo mai haske da ba a jin taɓi a kansa. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma ana warkewa, amma likitan fata ne zai fara furta sunanta a gaban iyali.

Ranar da za ku je, ku zuba duk abin da kuka shafa ko kuka sha a leda ku tafi da shi, har sabulu, har na gargajiya, har robar haɗin. In akwai waya, ku ɗauki hoton ƙurjin tun ranar da ya fito, kafin a shafa komai. Ƙurjin da ya kai mako 2 bai lafa ba, ko tabon da ba a jin taɓi a kansa, ku fara kai shi asibitin unguwa, su za su rubuta takardar turawa.