Minti talatin ne daga Kano zuwa Abuja a jirgin sama?

Ranar wata Juma'a, bayan an tashi daga kasuwar shanu ta Wudil, na tarar da gardama ta kaure a wajen mai shayi a Sabon Garin Wudil. Wani dillali ya dage cewa daga Kano zuwa Abuja minti talatin ne kacal a jirgi, awa ɗayan da ake rubutawa a tikiti kuwa dabara ce ta tsauwala kuɗi. Abin ya dame ni, domin da irin wannan lissafi mutum ke makara wajen jarrabawar ɗaukar aiki ko ganin likita.

Maganar minti talatin tana da tushe. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe, in aka ja layi miƙaƙƙe, kusan kilomita 360 ne. Jirgin fasinja kuma idan ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 800 a awa. Duk wanda ya raba, minti 27 zai samu. Amma jirgi ba ya tashi da wannan gudun. Sai ya hau a hankali, a gajeriyar tafiya irin wannan kuwa bai daɗe da daidaita ba zai fara sauka, yana rage gudu, yana karkata don fuskantar titi. Shi ya sa zaman sama kan kai minti 40 zuwa 50. Lokacin tikiti kuma tun daga sanda jirgi ya motsa daga inda ya yi lodi ake ƙirga shi, har ya tsaya cak a can. Awa ɗayan gaskiya ce.

Zancen cewa matuƙi na yin shawagi da gangan don a ƙara kuɗi ƙarya ce. Ba a sayar da kujera da minti, kuma kowane zagaye man kamfanin yake ƙonawa. Masu kula da zirga-zirga a hasumiya ne ke cewa a dakata, saboda hadari, ko layin jirage, ko fitar shugaban ƙasa. Matsin Abuja sananne ne: a 2017 da aka rufe titin saukarta na mako shida don gyara, sai da aka karkatar da jirage Kaduna, saboda babu na biyu.

Wani abin da kan jawo jinkiri da gaske shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan rufe sararin Kano, a jinkirta tashi ko a soke shi baki ɗaya.

Abin da na fi so mutumin Wudil ya riƙe shi ne lissafin daga ƙofar gida. Daga Sabon Garin Wudil zuwa filin jirgi fiye da kilomita 40 ne, ga cunkoson Mariri da Hotoro. A ware awa ɗaya da rabi. Ana so ka isa aƙalla awa ɗaya kafin tashi. Ka sauka, ka jira jaka, sannan ga wasu kilomita 40 ɗin kafin tsakiyar Abuja. Idan komai ya tafi daidai, awa huɗu ne zuwa biyar. Duk da haka ya fi mota ta Zariya da Kaduna sauri nesa ba kusa ba, sai dai mai ganawa ƙarfe tara na safe ya fi masa ya kwana a Abuja.